Fasolini, Mutumin Italiya Da Ya Kai Tatsuniyar Girkawa Afirka

Manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi, yau mun kawo muku labarin wani Bature wanda ya zauna cikin manoma irinku. Sunansa Pier Paolo Pasolini, mu kuwa za mu kira shi Fasolini don sauƙin faɗa. An haife shi a Bolonya ran 5 ga Maris, 1922. Uwarsa malamar makaranta ce. Ubansa hafsan soja ne, wanda Ingilishi suka kama a Habasha, cikin yaƙin nan da sojojinmu na Nijeriya suka halarta, suka tsare shi a Kenya.

Littafin waƙoƙinsa na farko ya fito cikin 1942, da harshen manoman Kasarsa, ƙauyen uwarsa, harshen da masu ilmi ke rainawa. A yankin nan ya koyar, har 1949 da aka zarge shi da abin kunya, aka raba shi da aikin. Shekara na kewayowa ya ɗauki uwarsa suka koma Rum, hannu babu kome. Sai 1961 ya shirya fim ɗinsa na farko.

Cikin 1967 ya ɗauko wasan Odifus, wanda Sofokilis Bagirke ya tsara fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Labari ne na ɗan sarki da bokaye suka ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka yar da shi yana jinjiri, wani sarki ya rene shi. Da ya girma ya ji maganar, sai ya gudu don tsoro, ashe gudun nan shi ya kai shi ga abin da yake gudu. Sa'ad da gaskiya ta bayyana ya tsiyaye idanunsa da hannunsa. Fasolini ya ɗauki hotunan a Maroko, cikin garuruwan jar ƙasa masu ganuwa da soraye, waɗanda Bakatsine zai gani ya ce gida ne. Mafarin fim ɗin kuwa a Italiya ya sa shi, jariri da uwarsa da uba cikin kayan soja, watau kansa yake nufi. Bayan shekara guda Ola Rotimi ya juya labarin nan ya zama na Yarbawa, aka yi wasan a Ife.

Ya kuma yi Mediya cikin 1969. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne niyyarsa ta mai da labarin Orestis na Afirka. Ya zaga Uganda da Tanzaniya yana ɗaukar hotunan mutane da itatuwa, don a ganinsa ƙasashen da suka sami mulkin kai suna barin ramuwar jini suna komawa ga shari'a, kamar Girkawan dā. Ya tara ɗaliban Afirka na Jami'ar Rum ya nuna musu. Waɗansunsu ba su yarda ba, suka nuna masa Afirka ba ƙabila ɗaya ba ce. A ganinmu ɗaliban nan sun fi shi gaskiya, amma mun yaba masa da bai yanke gardamar daga fim ɗin ba. Babban aikin dai bai yiwu ba, share fagen kaɗai ya fito cikin 1970.

Ran 2 ga Nuwamba, 1975, aka tsinci gawarsa a Ostiya, bakin teku kusa da Rum, an yi masa dūka, an bi ta kansa da motarsa. Kotu ta ɗaure wani saurayi ɗan shekara 17, wanda cikin 2005 ya janye ikirarinsa, ya ce waɗansu ne dabam suka yi kisan. An binne Fasolini a Kasarsa.