Paul Langevin, masanin da ya kafa kunne a ƙarƙashin teku

A ƙarƙashin teku haske ba ya zuwa nesa, saƙon rediyo ma haka. Sauti ne ke ratsa ruwa, yana cin wajen mita 1,500 a daƙiƙa guda. A kan wannan Bafaranshe Paul Langevin ya yi suna.

An haife shi a Paris ranar 23 ga Janairun 1872, ya yi karatun kimiyya a hannun Pierre Curie. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka addabi Faransa da Ingila, suna nutsar da jirage ba a ganin su. A 1915 wani injiniya ɗan Rasha, Constantin Chilowsky, ya kawo shawarar a tura sauti cikin ruwa a saurari amsa-kuwwarsa. Aka ɗora wa Langevin aikin.

Sai ya koma ga binciken da malaminsa da yayan malamin, Jacques, suka fara a 1880: dutsen kwartz idan an matse shi yana ba da lantarki, idan kuma an sa masa lantarki yana karkarwa. Dutse guda ke nan ya zama baki, ya zama kunne. Amma babban kwartz mai tsabta yana da wuyar samu. Langevin ya yanka ƙananan falle-falle, ya jera su gefe da gefe, ya manne tsakanin farantan ƙarfe biyu. Suna karkarwa tare, sautin na fita a tsuke kamar hasken tocila, har a gane ɓangaren da jirgi yake. Na'urorin sonar na yau sun kai dabarar jeri nesa: kunnuwa masu yawa a jikin jirgi ko a igiyar da yake ja, kwamfuta na auna wanda sauti ya fara riska domin gano inda ya fito.

A 1918, a gwajin tashar Toulon, ya jiyo jirgin ƙarƙashin ruwa daga nisan mita 1,500. Yaƙi ya ƙare kafin na'urar ta shiga fagen daga.

Yaƙi na biyu ya fi taɓa gidansa. Saboda adawarsa da ƴan Nazi aka kama shi a Oktoban 1940, aka harbe surukinsa Jacques Solomon a 1942, aka kai ƴarsa Hélène sansanin Auschwitz, ta dawo da rai. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1946, aka mai da gawarsa Panthéon a 1948. Na'urar eko da ake duba mata masu juna biyu a asibiti, da irin wannan dabara take aiki.