Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin da ya tuhumi mulkin En'e a zauren majalisa

A watan Agustan 1950, wani malamin makaranta daga Bauchi ya miƙe a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna, ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e. Ya koka kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da ta cewa a al'amuran da suka shafe shi. Ba ƙaramar kasada ba ce, domin a lokacin En'e ce ke riƙe da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari, kuma da yawa daga 'yan majalisar ma'aikatanta ne. An amince da ƙudurin, aka yi bincike, daga bisani doka ta wajabta wa sarakuna yin mulki tare da majalisunsu.

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912. Ya yi Kwalejin Katsina, ya ƙaro ilimin koyarwa a Landan, ya zama Firayim Minista a 1957.

Da mulki ya zo hannunsa, sai tuhumar ta juyo kansa. A watan Mayun 1962 ya nemi majalisar tarayya ta amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta kuwa amince cikin yini guda, aka taƙaita zirga-zirgar 'yan siyasa ciki har da jagoran adawa, Cif Obafemi Awolowo. A 1963 kuma aka kawo shawarar dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, amma lauyoyi da jaridu suka yi mata ca, gwamnatinsa ta janye.

Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A Bauchi aka binne shi.