Cicely Williams: Likitar da ta saurari iyaye mata har ta gano ciwon kumburin yara

A cibiyoyin lafiya na karkara, irin na Ɗan Gulbi da ke yankin Dakoro a jihar Maradi, akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Idan uwa ta kai ɗanta awo, ma'aikacin lafiya yakan danna saman ƙafafun yaron biyu da manyan yatsunsa na daƙiƙa 3. Idan ya ɗaga wurin ya lotsa bai koma daidai ba, to tamowa ce mai tsanani, ko da kuwa yaron yana da kumatu. Matar da ta sa likitocin duniya suka san wannan ciwo da sunansa ita ce Dokta Cicely Williams.

An haife ta ranar 2 ga Disamba 1893 a tsibirin Jamaika. Ta samu gurbin karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ƙarancin maza ya sa aka buɗe wa mata ƙofa, ta kuma kammala a 1923. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta tura ta Gold Coast, wato Ghana ta yau.

A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Accra ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da kumburin ƙafa da ciki, gashinsu ya yi ja, fatarsu tana saɓulewa. Da yawa suna mutuwa. Ta binciki gawarwakinsu da kanta, ta tarar hantarsu ta cika da kitse. Sannan ta yi abin da ba kowane likitan Turawa ke yi ba a wancan zamani: ta tambayi iyaye mata da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. Ashe 'yan ƙabilar Ga sun daɗe da sanin ciwon. Suna kiransa kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da aka cire daga nono saboda an samu cikin ƙaninsa. Bahaushe ma ya san wannan hali, shi ne kwanika. Yaron da aka yaye haka sai ya koma ga kokon masara zalla.

A 1933 ta wallafa bincikenta, inda ta nuna cewa ƙarancin furotin a abinci na iya zama sanadi. A 1935 ta sa wa ciwon sunansa na Ga a mujallar Lancet. Wani babban masani a Landan, Hugh Stannus, ya dage cewa ciwon ƙarancin bitamin ne da aka riga aka sani. Ita kuwa ta tsaya kan bakanta, daga baya aka tabbatar ciwo ne na daban.

Me ya haɗa abinci da kumburi? Fiye da rabin jinin mutum ruwa ne mai ɗan rawaya da ake kira filasma. A kowace lita ɗaya akwai furotin kimanin giram 60 zuwa 80. Wasu garkuwar jiki ne, wasu su ke daskarar da jini idan an ji rauni. Mafi yawa shi ne albumin, wanda hanta ke yi, giram 35 zuwa 50 a lita ga mai lafiya. Aikinsa shi ne riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Idan ya yi ƙasa sosai, ruwan sai ya tsiyaye zuwa cikin tsoka, ƙafa ta kumbura. Shi ya sa likita ke auna albumin ga mai ciwon hanta ko na ƙoda. Yara masu kwashiyoko yawanci albumin ɗinsu ya faɗi, duk da cewa masana a yau suna ganin akwai wasu dalilan da ke haɗuwa da rashin furotin, kamar yawan kamuwa da cututtuka.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. A can ta ga jarirai suna mutuwa saboda an yaudari iyayensu da tallar madarar gwangwani sun bar shayarwa. A 1939 ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa a Singafo ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. Da sojojin Japan suka kama birnin a 1942, sun tsare ta a gidan yarin Changi, daga baya 'yan sandan asirinsu suka riƙe ta na watanni. Ta fito a rame, amma ba ta bar aiki ba.

A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta koyar a Landan da Beirut da Amurka. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli 1992, tana da shekara 98.

Shekara 13 bayan rasuwarta, a yunwar 2005, jihar Maradi ta zama filin yaƙi da tamowa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara, akasari a gidajensu, da abincin gyaɗa mai madara na Plumpy'Nut, uwa ce ke ba ɗanta da hannunta. Wannan ya yi daidai da abin da Williams ta yi ta koyarwa, cewa uwa abokiyar aikin likita ce.

Ga masu aika kuɗi gida daga Yamai, Kano ko Turai, saƙon a bayyane yake. Yaron da ya kumbura bayan yaye ba ƙiba ya yi ba. A kai shi asibiti ranar da aka gani, kuma idan ana sayen hatsi a haɗa da wake, gyaɗa da ƙwai saboda shi.