Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Yadda Ya Buɗe Basirar Almajirai

Bismillahi. Bayan haka, wannan tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne a taƙaice, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754, Hijira tana da 1168. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi karatu wurin Malam Usmanu Binduri da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma ɗauki Sahihul Buhari daga Malam Muhammadu ɗan Raji.

Wajen 1786 ya shigo ƙasar Zamfara, ya yi kamar shekara 5 yana wa'azi da karantarwa. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa cikin Infaƙul Maisuri. In ya fito, sai ya yi sallama da sakin fuska. In aka jefo tambaya yana tsakar magana, sai ya tsaya ya amsa. Ba ya ƙosawa da mai nauyin fahimta. Yakan yi bayani da Fillanci da Hausa, domin wanda bai san Larabci ba ya gane ma'ana, kada ya tsaya ga hadda kaɗai. Mata ma bai hana su zama ba, ko da yake waɗansu malamai sun zarge shi a kan haka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya koya wa almajiransa bin hujja. Shi da kansa ya saɓa wa malaminsa Jibrilu, wanda ya kafirta mai aikata manyan zunubai. Shehu ya rubuta cewa saɓo ba kafirci ba ne, ya kawo dalilansa, amma bai rage girman malamin ba ko kaɗan. Haka nan ya yi raddi ga waɗanda ke kafirta talakawa don ba su iya jera dalilan tauhidi irin na malamai ba.

Abin da ya shuka ya tsira a gidansa. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi karatu gabansa, ya saɓa masa cikin waɗansu mas'aloli na mulki bayan hijirar Gudu ta 1804. Shehu ya amsa da alƙalami, har cikin Najmul Ihwani ya umurci jama'a da karanta littattafan Abdullahi da na Bello. Cikin mabiyansa akwai Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Hijira 1232. To, malamin da ke kaɗa bulala in yaro ya yi tambaya, sai ya dubi wannan. Almajirin da bai saba neman dalili ba, ran da ya girma duk mai zaƙin baki yana iya jansa, a masallaci ko a kasuwa. Allah ya ba mu fahimta, amin. Tammat.