Charles Édouard Guillaume: Mutumin da Ya Hana Ƙarfe Miƙewa

Duk wanda ya taɓa lura da layin dogo ya ga ɗan giɓin da ake bari tsakanin ƙarafa, domin ƙarfe yana miƙewa in ya sha zafi. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci wa masu agogo da masu awon ƙasa tuwo a ƙwarya, har Charles Édouard Guillaume ya zo.

An haife shi a Fleurier ta ƙasar Suwizalan a 1861, a gidan maƙera agogo. Bayan ya yi karatu a Zurich, sai ya kama aiki a Ofishin Ma'aunai na Duniya da ke Sèvres, kusa da Faris, a 1883. Nan ya ƙare rayuwar aikinsa, ya kuma shugabanci ofishin daga 1915 zuwa 1936.

Abin da ya dame shi tun farko kuɗi ne. Sandar mita ta asali da filatinam da iridiyam aka ƙera ta, ga tsada, don haka ya shiga neman madadi mai araha. Ya yi ta gwada ƙarfe da nikel, har a 1896 ya gano cewa in nikel ya kai kashi 36 cikin ɗari, gaurayen ba ya miƙewa sai kamar ushirin abin da baƙin ƙarfe ke yi. Aka raɗa masa suna Inba, wato marar canzawa. Da wayoyinsa aka riƙa awon ƙasa, da shi kuma aka daidaita agogo.

Asirin yana cikin maganaɗisu. Zafi yana buɗa ƙarfe, amma kuma yana rage ƙarfin maganaɗisun gaurayen, wannan raguwa kuwa tsuke shi take yi. Sai buɗewa da tsukewa su cinye juna. In zafi ya wuce inda maganaɗisun ke gushewa, Inba miƙewa yake yi kamar kowane ƙarfe.

An ba shi kyautar Nobel a 1920, tun kafin Einstein ya sami tasa, abin da wasu suka yi ta gunaguni a kai. A ganina ba su yi masa adalci ba, domin nazari ba ya tsayuwa sai da ma'auni na gaskiya.

Ya rasu a Sèvres a 1938. Wajen shekara arba'in bayansa, masana a Japan suka tarar da irin wannan hali cikin gaurayen ƙarfe da boron da aka sanyaya farat ɗaya, ƙwayoyinsa ba su sami jeruwa ba, suka daskare kamar gilashi.