Muhammadu Kanta, Wanda Ya Kafa Daular Kabi

Muhammadu Kanta jarumi ne da ya yi yaƙi tare da rundunar Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai. Bayan yaƙin Agadas suka saɓa a kan rabon ganima, sai Kanta ya yi tawaye wajajen 1516, ya fatattaki rundunar da aka turo masa. Ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame mai ganuwar dutse. Ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16.

A Argungu, mazaunin sarautar Kabi a yau, an mayar da tsohuwar fada Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Akwai makamai, tambura da kaburburan sarakuna a ciki. Muna kira ga hakimai, dagatai da malaman makaranta su riƙa kai yaranmu ziyara, kada tarihin nan ya ɓace tare da dattawanmu.