WILBUR SCHRAMM: MAI I'INAR DA YA ZAMA UBAN ILMIN SADARWA

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, kowannenmu zai iya tuna wani yaro a ajinsu wanda in malami ya tashe shi amsa tambaya sai harshe ya sarƙe, aji ya kwashe da dariya. Wannan karon filin namu ya kawo muku tarihin wani irin wannan yaro, wanda daga bisani ya zama shehun malamin da ake kira uban ilmin sadarwa.

An haifi Wilbur Schramm ran 5 ga Agusta, 1907, a garin Marietta na jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa lauya ne. Yana da shekara biyar aka yi masa aikin tiyata a maƙogwaro, aikin bai yi kyau ba, ya bar shi da i'ina. Da yake aikin lauya aikin baki ne, gadon sana'ar uba ya faskara. To, da baki ya ƙi, sai yaro ya kama alƙalami. Tun yana ɗalibi yake rubuta wa jaridu labarai, da haka yake samun na kashewa.

Ya gama Kwalejin Marietta a 1928, ya sami digiri na biyu a Jami'ar Harvard a 1930, sa'an nan ya wuce Jami'ar Iowa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka kai shi can shi ne jami'ar tana da sashen da ya shahara wajen taimakon masu i'ina. Nan ya sami digirin digirgir a fannin adabi a 1932, nan kuma ya koyi zama da lalurarsa har ya iya tsayawa gaban ɗalibai. A 1936 ya jagoranci kafa shirin horar da marubuta na Iowa, wanda ya yi suna a duniya. Shi kansa gwanin gajerun labarai ne, har ya ci lambar O. Henry a 1942.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa alƙibla. Ya tafi Washington ya yi aiki a ofishin watsa labaran yaƙi na gwamnati, inda ya haɗu da masana halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Dukansu tambaya ɗaya suke yi: in an aika wa jama'a saƙo ta rediyo ko jarida, me yake yi musu? Da ya koma Iowa a 1943 a matsayin shugaban makarantar koyon aikin jarida, sai ya buɗe karatun digirin digirgir na farko a fannin sadarwa. Kafin nan, abin da aka fi koyarwa shi ne yadda ake rubuta labari da tace shi. Shi ne ya dage cewa dole a bincika mai karatu da mai sauraro su ma.

A 1947 ya kafa cibiyar binciken sadarwa a Jami'ar Illinois, a 1955 ya koma Stanford, a 1973 kuma ya tafi Hawai. Littafin da ya rubuta tare da Siebert da Peterson a 1956, watau Four Theories of the Press, ya nuna yadda tsarin mulkin ƙasa yake tsara irin jaridunta, kuma waɗanda suka karanta aikin jarida a jami'o'inmu sun ci karo da shi. A 1961 shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan yara fiye da 6,000 masu kallon talabijin, suka gano cewa illarsa ko amfaninsa ya danganta da yaron da gidan da ya fito.

Aikinsa ya taɓo mu kai tsaye. A 1964 ya rubuta wa UNESCO littafi kan yadda kafofin watsa labarai za su taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Har ila yau, shirin koyarwa ta talabijin da aka fara a Nijar a 1964 yana cikin waɗanda ya yi nazari, tare da na Samowa da Kwaddibuwa. Abin da ya fahimta shi ne ba tsadar na'ura ke koyarwa ba. Ƙaramar rediyo da darasi mai kyau tana iya yin abin da talabijin ya yi, da kuɗi kaɗan.

Amma fa ba a rasa nono a ruga. Masu suka sun ce ya ɗauka hanyar ci gaban Turawa ita ce ta kowa, kuma wasu ayyukansa da kuɗin gwamnatin Amurka aka yi su a zamanin yaƙin cacar baka. Abin yabo shi ne a tsakiyar shekarun 1970 ya zauna da sauran masana suka sake duba ra'ayin, ya yarda cewa abubuwa ba su tafi yadda suka zata ba. Ba kowane babban malami ke iya wannan ba.

Ya rasu ran 27 ga Disamba, 1987, a Honolulu, yana da shekara 80. Littafinsa da ya fito a 1988 ya bi tarihin sadarwa tun daga zanen kogo har zuwa kwamfuta. Bai ga yaɗuwar intanet ba, amma masu binciken kafofin sada zumunta a yau tambayarsa suke maimaitawa: wa ya aiko, wa ya karɓa, me ya biyo baya?

Saboda haka, ƙannenmu da ke makaranta, kada ku raina na kusa da ku don harshensa ya yi nauyi. Malamai kuma, in yaro ya kasa faɗa, a ba shi takarda ya rubuta.